Akwatin Da Sarauniya Ta Bar Wa 'Yarta

Wadda ke tsakar gida tana tsintar shinkafa ta jawo rediyonta kusa, mai ɗinkin hula ta ci gaba da ɗinkinta, ni dai aron kunne kawai nake roƙo.

Yau gwanjo za mu je. Na san da jin haka wata har ta taɓe baki, don a wurinmu in aka ce gwanjo, hankali yana tafiya ne kan rigunan sanyin yara da ake kwancewa daga dila. To ai asalin gwanjo shi ne a fito da kaya bainar jama'a, kowa ya taya, wanda tayinsa ya fi tsoka a sallama masa. A ƙasashen Turai akwai manyan kamfanoni da ba su da sana'a sai wannan, biyu da suka fi suna su ne Sotheby's da Christie's, kowannensu ya haura shekara 250 yana dillanci. Su ma kayan da wani ya yi amfani da su suke sayarwa, sai dai nasu gwanjon na masu hannu da shuni ne.

Ranar 14 ga watan Nuwamba na shekarar 2018, a birnin Janeba na ƙasar Suwizalan, kamfanin Sotheby's ya fito da wani ɗan abin wuya, irin wanda ake maƙala wa sarƙa yana lilo a ƙirji. Ƙwayar lu'ulu'u ce guda ɗaya tak, mai siffar ɗigon ruwa, tsawonta bai wuce gaɓar babban yatsanki ba. A samanta akwai ɗan ƙulli irin na ribon da aka jera wa ƙananan duwatsun daimon, sai wani daimon ɗin guda a can sama. Shi ke nan fa. Masana sun kimanta za a saye shi tsakanin dala miliyan 1 zuwa 2. Da aka fara tayi, na cikin zaure suna ɗaga hannu, na nesa suna bugo waya, ba a tsaya ba sai da kuɗin ya kai dala miliyan 36. A canjin kasuwa na wancan lokaci, da dala take wajen naira 360, kin ga ana maganar kusan naira biliyan 13 ke nan. Biliyan na ce, ba miliyan ba. A kan ƙwaya ɗaya da za ki iya dunƙulewa a tafin hannunki.

Kafin in gaya miki ko ta wace ce, bari in warware wani ruɗani. Mu Hausawa mukan ce lu'ulu'u ga duk wani dutse mai ƙyalli, har da daimon. Alhali abu biyu ne daban. Daimon dutse ne, a ƙasa ake haƙo shi, sai an yanka an goge yake walƙiya, kuma a cikin duwatsu babu mai taurinsa. Shi kuwa lu'ulu'u na gaskiya, wanda Larabawa suka ara mana sunansa, wanda aka ambata tare da murjani a Alƙur'ani mai girma, daga ruwa yake fitowa. Akwai wata halitta mai ɓawo biyu, dangin ƙumba, ana ce mata kawa. In wani ɗan ƙwaro ko wani abu ya kutsa cikin namanta ya dame ta, sai ta riƙa lulluɓe shi da wani ruwa daga jikinta, shafi bisa shafi, shekara da shekaru, har ya zama ƙwallo mai sheƙi. Ikon Allah ke nan. Ba a yanka shi, ba a goge shi, yadda ya fito haka ake huda shi a zura zare. Kuma sai a fasa kawa ɗaruruwa, har dubbai, ba a dace da ƙwaya ɗaya ta kirki ba.

A da can, mafi kyawunsa daga tekun Fasha ake samowa, wajen Baharen da Kuwaiti da Ƙatar. Aiki ne na sai da rai. Maza kan shafe wajen wata huɗu na tsananin zafi a cikin jirgin ruwa. Mai nutso ya matse hancinsa da ɗan maƙali, ya taka dutse mai nauyi ya lula ƙasa, igiya a ƙugu, kwando a wuya, ba tukunyar iska ba komai, numfashinsa kawai. Ya kwashi abin da ya samu cikin kamar minti ɗaya, ya girgiza igiya a jawo shi. Ya huta kaɗan ya koma. Haka har faɗuwar rana. Da yawansu kunne ya lalace, ido ya lalace, ga bashin mai jirgi da ba ya ƙarewa, wani ma har ɗansa ya gaje shi. Matansu kuwa suna gida da yara suna ƙirga watanni. Duk sarƙar lu'ulu'u ta zamanin da da kika ji ana zuzutawa, to wasu bayin Allah ne suka riƙe numfashi a kanta.

To, mai wannan ƙwaya ta Janeba ita ce Mari Antuwanet, sarauniyar Faransa. 'Yar sarautar Ostiriya ce, an haife ta a 1755, ita ce ta 15 cikin 'ya'ya 16 da mahaifiyarta ta haifa. Tana da shekara 14 aka kai ta aure Faransa, ƙasar da ba ta san kowa ba, auren haɗi irin na gidajen sarauta. Tana da 18 mijinta, Luwi na 16, ya hau gado. Shekara takwas tana gidan miji ba haihuwa, kin san dai abin da bakin dangin miji zai faɗa, balle a fada, inda ƙasa guda ke jiran magaji. Sai a ƙarshen 1778 ta sami 'yarta ta fari, Mari Teres. Ki riƙe sunan yarinyar nan, za mu dawo kanta.

Ba zan rufe miki ba, sarauniyar nan akwai son ado da kashe kuɗi. A 1776 ta sayi wasu warwaro guda biyu na daimon, duwatsu 112 a jikinsu, a kan kuɗin Faransa na lokacin libar 250,000, kuɗin da ba ta da shi a hannu. Sai da ta haɗa da wasu duwatsun nata, sarki kuma ya cika mata. Labari ya kai wa mahaifiyarta a birnin Biyana, ta rubuto mata wasiƙar faɗa a kan almubazzaranci da cin bashi. Uwa dai uwa ce, ko da kuwa 'yar tata sarauniya ce.

Amma abin mamaki, sarƙar da ta fi jawo mata baƙin jini ba ta saye ta ba, ba ta ma taɓa sa ta a wuya ba. Maƙeran fada sun haɗa wata ƙatuwar sarƙa mai daimon 647, suka yi ta tallata mata, ta ce ba ta so. Sai wata hatsabibiyar mata mai suna Jan da la Mot ta shiga tsakani. Ta sami wani babban limamin coci, Kardinal Rohan, wanda sarauniya ba ta ko yi masa magana, shi kuma yana neman shiga. Ta ce masa ita ƙawar sarauniya ce, ta riƙa kawo masa wasiƙun ƙarya da sunanta. Har ta shirya masa ganawa da dare a lambun fada da wata mata mai kama da sarauniya. Daga nan ta ce masa sarauniya na son sarƙar nan a asirce, shi ya tsaya mata, za ta riƙa biya kaɗan-kaɗan. Ya amince, ya karɓo sarƙar ta sama da libar miliyan ɗaya da rabi ya damƙa mata. Aka ɓalle duwatsun, aka sayar a Paris da Landan. Asiri bai tonu ba sai a 1785, da maƙera suka ji shiru suka nemi kuɗinsu wurin sarauniya, ita kuwa ba ta san ana yi ba. An yi shari'a, an tabbatar da laifi a kan matar nan, amma talakawa sun riga sun yanke nasu hukuncin. Wanda aka sani da son nama, in tukunya ta yi gibi shi ake kallo.

Ina so ki lura da wani abu a nan, uwargida, domin ya shafe mu. Duk wannan ta'asa ta yiwu ne saboda mai kaya da wadda aka ce ita ce mai saye ba su taɓa haɗa ido a kan maganar ba. 'Yar aike ce a tsakani. Mu da muke cikin gida, cinikinmu kusan duk ta hannun wani yake bi, ko dillaliya, ko yaro, ko ƙanen miji. Mafi yawansu masu amana ne, Allah Ya saka musu. Amma dai kin ji abin da aka yi da sunan matar da ke da dogarai a ƙofa.

A 1789 ƙasa ta rikice. Abinci ya yi tsada, baitulmali ya ƙare, talakawa suka yi bore. A watan Oktoba na shekarar, matan kasuwar Paris ne da kansu suka yi tattaki zuwa fadar Bersai a kan tsadar burodi, ba su dawo ba sai da suka taso sarki da iyalinsa a gaba zuwa cikin birni. Tun daga nan suna fada ne a suna, amma a tsare suke.

Ga inda labarin akwati ya shigo. A farkon 1791 suna shirin guduwa a ɓoye. Wata hadimarta ta kusa, Madam Kamfan, ta rubuta daga baya cewa sarauniya ta shafe yammaci guda a ɗaka tana naɗe duwatsunta cikin auduga, daimon da yaƙutu da lu'ulu'u, ɗaya bayan ɗaya, tana jerawa a akwatin katako. Ki kwatanta abin a ranki. Mace ce mai 'ya'ya biyu a raye, ta riga ta binne biyu, ba ta san abin da gobe za ta haifar ba, ta rufe ƙofa tana tattara abin da za ta iya kira nata. Wace ce a cikinmu ba ta san wannan zama ba? Ko da 'yan kunne ɗaya ne da zobe, kin san inda kika ƙulle su, kin kuma san ranar da kika ajiye su dominta.

Kuma nata ta ɗauka. Akwai kayan ado na gadon sarauta, mallakar ƙasa, waɗanda sarauniya kan sa amma ba nata ba ne. Waɗannan suna ma'ajiyar gwamnati a Paris, kuma a watan Satumba na 1792 ɓarayi suka fasa ma'ajiyar suka yi dare da yawa suna jida. Abin da ta sa a akwati shi ne wanda ta zo da shi daga gidansu, da wanda aka ba ta kyauta, da wanda ta saya. Ta san nata, ta san na gida.

Aka fitar da akwatin a asirce zuwa birnin Burasal, inda yayarta take mulki tare da mijinta, aka damƙa shi ga wani dattijo, Marsi Arjanto, wanda ya daɗe yana jakadan Ostiriya a Faransa, ya san ta tun tana amarya. Akwati ya tsira. Masu akwati ne ba su tsira ba. A watan Yuni suka fita da dare cikin shigar burtu, aka gane su a wani ƙaramin gari, Baren, kafin su kai iyaka, aka dawo da su. A 1792 aka rushe sarautar, aka kulle su a kurkuku. Watan Janairun 1793 aka fille wa sarki kai. Aka raba ta da ɗanta namiji, aka raba ta da 'yarta. Ranar 16 ga Oktoba, 1793, ita ma aka fille mata kai a bainar jama'a, tana da shekara 37. Ɗan nata ya mutu a tsare a 1795, yana ɗan shekara 10. Duniya rawar 'yan mata.

Saura yarinyar nan, Mari Teres. Ita kaɗai ta rage. Ta shiga kurkuku tana da shekara 13, ta yi sama da shekara uku a ciki, fiye da shekara guda ma ita kaɗai a ɗaki. Tana ta tambayar ina mahaifiyarta, ba wanda ya gaya mata an kashe ta sai bayan kusan shekara biyu. Allah sarki. A watan Disamba na 1795, ana gobe za ta cika 17, aka fito da ita, aka yi musayarta da wasu Faransawa da Ostiriya ke tsare da su. Ta isa Biyana a farkon 1796, marainiya, ba uwa ba uba, ba ƙane, ba ƙasa.

Shi kuwa dattijon nan da aka ba amana, bai buɗe akwatin ba duk tsawon lokacin da mai shi ke raye. Sai bayan rasuwarta, a 1794, sarkin Ostiriya, wanda ɗan yayanta ne, ya ba da umarni a buɗe, a rubuta duk abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, sannan aka kai Biyana aka adana. Da yarinya ta iso, aka miƙa mata kayan uwarta. Fadoji sun tafi, dawakai da barori sun tafi, sarauta ta tafi. Abin da ya isa hannun 'yar shi ne abin da uwar ta naɗe a auduga da hannunta.

Mari Teres ta yi aure amma Allah bai ba ta haihuwa ba. Da ta rasu a 1851, wani kaso na kayan ya faɗa hannun 'yar ƙanen mijinta da ta riƙa kamar 'yarta, Luwiz, wadda ta auri sarkin wata ƙaramar masarauta a Italiya mai suna Parma. Ɗan Luwiz, Robat, shi ma an raba shi da sarautar tun yana yaro, amma ya bar zuriya, don 'ya'ya 24 ya haifa da mata biyu, ɗaya bayan rasuwar ɗaya. A hannun wani reshe na wannan zuriya kayan suka zauna, ana gado ana adanawa, har 2018 da jikoki suka fito da su kasuwa. Kaya 100 aka sayar a daren nan, 10 daga ciki na Mari Antuwanet ne, ba ko ɗaya da ya yi kwantai, jimillar kuɗin ta haura dala miliyan 53. Warwaron nan biyu da mahaifiyarta ta yi mata faɗa a kansu, su ma sun fito a 2021 a gwanjon Christie's, nan Janeba, suka tashi sama da dala miliyan 8.

Yanzu sai ki tambaye ni, me ya sa ƙwaya ɗaya ta yi wannan tsada? Kyau dai tana da shi, girma ma haka, kuma irinta ta teku ta yi wuya yanzu. Amma da a ce ƙwayar nan ce aka tsinta a ƙasan adakar wata tsohuwa, ba a san daga inda ta fito ba, da ba ta kai ko kusa ba. Su kansu masanan ai miliyan 2 suka ce. Sauran kuɗin na labari ne, kuma labarin da ke da shaida. Akwai rubutun da aka yi ranar buɗe akwati, akwai takardun gado, akwai wani lissafi da wata surukar gidan ta zauna ta rubuta a ƙarni na 20, tana faɗin kowane abu daga hannun wa ya fito. Sannan kafin a sayar sai da aka kai ɗakin bincike aka haska ta da na'ura irin ta hoton ƙashi, aka ba da takardar cewa ta teku ce ta asali. Aka buga littafi mai hotuna, aka zaga da kayan Dubai da Landan da Niyok masu kuɗi suka gani da idonsu. Dillalin ma bai tashi a banza ba. A kan miliyan 32 na kuɗin Suwizalan aka buga guduma, la'adar da aka ɗora wa mai saye ta haura miliyan 4. Ki gaya wa dillaliyarki wannan ki ji abin da za ta ce.

Kada kuma ki ɗauka abin ado kullum hawa yake yi. Ga wani labarin. A 1917 a birnin Niyok na Amurka, wani attajiri mai suna Moton Filant yana da katafaren gida a kan titin da ya fi kowane tsada. Amaryarsa ta ga wata sarƙar lu'ulu'u mai zubi biyu a shagon Cartier, ta dala miliyan 1, ta ƙwallafa rai. Sai aka yi musaya, ya ba su gidan, suka ba shi sarƙar da cikon dala 100. A lokacin kowa gani yake an yi ciniki daidai wa daida. Ashe a can Japan, wani ɗan mai sayar da taliya, Kokici Mikimoto, tun 1893 ya fara gano yadda za a buɗe kawa a dasa mata ɗan ƙwallo da hannu, a mayar da ita ruwa a yi kiwonta, ta lulluɓe shi da kanta. Kafin shekarun 1930 lu'ulu'un kiwo ya cika kasuwannin duniya, a ido ba ya da maraba da na teku, ga araha. Ga kuma karayar tattalin arziki da ta auka wa duniya a 1929. Farashi ya rushe. Masu nutson Baharen suka rasa abin yi, Allah Ya taimake su aka sami man fetur a 1932. Bayan matar nan ta rasu, aka yi gwanjon sarƙar a 1957, wajen dala 150,000 kawai ta yi. Gidan kuwa yana nan, har yau shagon Cartier ne, kuɗinsa sai dai a yi shiru.

Daga baya kuma abin ya sake juyawa. Da na kiwo ya zama ruwan dare, masu nutso suka watse, sai na tekun ya koma abin nema, tunda kusan duk wanda ke yawo a kasuwa tsohon ne. Da tsohuwar zuma ake magani. Wata shahararriyar ƙwaya da mijin 'yar fim ɗin nan Elizabet Telo ya saya mata dala 37,000 a 1969, an sayar da ita a 2011, haɗe da sarƙar da aka yi mata, dala miliyan 11.8. Ita ce ke riƙe da kambu kafin ta sarauniya ta zo ta ninka ta sau uku. Yanzu haka kuma daimon ne ke fuskantar irin abin da lu'ulu'u ya gani, don ana ƙera shi a masana'anta, ba a bambance shi da na ƙasa sai da na'ura, farashinsa kuma sai sauka yake.

To mu dawo ɗakinmu. Ni da ke ba mu da ƙwayar sarauniya, amma kowace mace tana da ɗan abin da ta ƙulle. Na tuna kakata tana da wani zubin murjani da tsakiya da ta gada wurin tata uwar. Bayan rasuwarta, gwaggona ta ba wata mai yawo gida-gida, aka musanya mata da sarƙa da 'yan kunne masu ruwan gwal, sababbi fil a kwali. Kafin sallah ta zagayo sun koɗe sun yi baƙi. Ban san nawa murjanin nan zai yi a kasuwa ba, ita ma ba ta sani ba, kuma matsalar ke nan, ba ta tambayi kowa ba. Har ta rasu tana cizon yatsa, ba don kuɗin ba, don ta rasa abin da za ta nuna wa jikokinta ta ce wannan na kakar kakarku ne. Saboda haka in tsohon abu ya faɗo hannunki ta gado, kada tsufansa ya sa ki raina shi. Ki sa a kai wa masu sana'ar biyu ko uku, kowanne daban, a ji bakinsu kafin ki sallama.

In kuwa ajiya kike nufi da abin adonki, don ranar da ba a fata, to ki san gwal da dutse ba ɗaya ba ne. Gwal yana da sikeli, yana da farashin giram da kowa zai iya tambaya. Dutse ba shi da wannan, sai yadda mai saye ya ga dama. Ranar da za ki sayar da sarƙa mai duwatsu, za a cire nauyin duwatsun, kuɗin aiki ma ba zai dawo ba. Wadda aka yi wa tsaraba daga Makka ko Dubai, ta nemi rasidin, wanda ya nuna giram nawa ne, kuma 18 ne ko 21 ko 22, ta adana shi wuri guda da kayan. Takarda ce ƙarama, amma kin dai ji aikin da takarda ta yi a Janeba.

Sai maganar da ba mu cika son yi ba. Gidajenmu gidajen yawa ne. Ranar da aka wayi gari maigida ya riga mu, ko ke kika riga shi, za a zo rabon gado, a nan ne za ki ji ana wannan na lefe ne, wannan aro ya ba ta, wancan ajiyar ƙanwarsa ce. Zumunci ya sha lalacewa a kan awarwaro guda. Me zai hana tun yau ki sa 'yarki ko ɗanki mai makaranta ya rubuta miki, ko da ajami, ko ke ki rubuta da kanki, wannan nawa ne, ga inda na same shi, wannan ajiyar wance ce? In kuma za ki ba wani ajiya, ko ɗan uwanki ne ciki ɗaya, a yi a gaban shaidu. Ba rashin yarda ba ne, shi ma kin sauƙaƙa masa, don rai ba a hannunsa yake ba.

Wata za ta ce, ni ina da sarƙar lu'ulu'u a kwalla, yaya zan gane irin tawa? Ki ɗan goga ƙwaya ɗaya a hankali a gefen haƙorinki na gaba. In kin ji sumul kamar tangaran, to ta gilashi ce ko roba. In kin ji ɗan ƙaiƙayi kamar gari-gari, daga kawa ta fito. Amma fa kada ki fara rabon kuɗi a zuci, domin na kiwo ma haka yake, kuma kusan duk wanda ake sayarwa a shagunan duniya yau na kiwo ne. Na'ura ce kawai ke raba su. Ko wanne ne dai, yana son lallaɓawa, don ba shi da taurin dutse. Turare da humra da gumi suna dusashe shi, ruwan lemon tsami yana cinye shi. Ki gama shafe-shafenki da feshe-feshenki tukuna, shi ne ƙarshen sawa, shi ne farkon cirewa. Ki goge shi da ƙyalle mai laushi, ki naɗe shi shi kaɗai, kada ki cusa shi cikin gwal da duwatsu su kankare shi. Audugar nan da sarauniya ta sa, ta san abin da take yi.

Af, na kusa mantawa. A cikin kayan nan goma akwai wani ɗan ƙaramin zobe, irin na ƙaramin yatsa, an rubuta haruffan farko na sunanta da ƙananan daimon, a ƙarƙashinsu kuma an saƙa 'yan silin gashin kanta. Masana suka ce bai wuce dala 10,000 ba, don duwatsun jikinsa ba wasu na a zo a gani ba ne. Sai da ya haura dala 400,000. Ni dai da aka nuno hotonsa, ba kuɗin na tuna ba, yarinyar nan na tuna, da ta fito daga kurkuku ba ta san ko inda aka binne uwarta ba.

To jama'a, agogo ya harare ni. Wadda ta ɗora tukunya ta leƙa kada ta kama. A gaida maigida, a shafa mini kan yara. Sai Allah Ya kai mu mako mai zuwa.